Andy Warhol: mai zanen talla da ya shigar da gwangwanin miya gidan tarihi

Duk wanda ya bi babbar hanyar da ta ratsa Madawa ya san aikin masu fenti: allon mai aski da kawuna iri-iri, kwalbar lemu a bangon shago, zaki ko shaho a bayan motar da ta ɗauko albasa. Haka abin yake a kasuwannin Buza da Keita, kuma ba kasafai ake tambayar wanda ya zana ba. Da irin wannan sana'a ta zanen talla wani Ba'amurke mai suna Andy Warhol ya soma neman abinci. A watan Mayun 2022 aka sayar da zanensa guda ɗaya a birnin New York kan dalar Amurka miliyan 195, wato sama da miliyar 100 na kuɗin sefa.

An haifi Warhol ranar 6 ga Agustan 1928 a Pittsburgh, garin masana'antun ƙarfe. Iyayensa baƙi ne ƴan ci-rani daga wani ƙauye da ke cikin ƙasar Sulobakiya a yau, mahaifinsa kuma lebura ne. Yana yaro wata cutar jijiya mai sa karkarwar jiki ta kwantar da shi, ya yi ta zane da tara hotunan taurarin fim yana kan gado. Mahaifin ya rasu a 1942, bayan ya tara masa kuɗin karatu. Da ya kammala karatun zane a 1949 sai ya koma New York, inda ya shafe fiye da shekara 10 yana yi wa mujallu da kantuna zanen talla, musamman na takalman mata.

A wancan zamani manyan masu zane na Amurka ba sa ɗaukar mai zanen talla a bakin komai. Warhol bai bar abin da ya iya ba, sai ya ɗauke shi ya kai zaurensu. A watan Yulin 1962 ya baje alluna 32 a Los Angeles, kowanne da hoton gwangwanin miya na kamfanin Campbell's, ɗaya ga kowane irin miyar da kamfanin ke sayarwa. Kamar dai a ce mai zane ya jera hotunan gwangwanin tumatir ko na madarar gari ya ce a zo kallo. An sa wa kowane allo dalar Amurka 100, mutane da yawa suka yi dariya, masu saye ba su taka kara sun karya ba. Mai zauren ya riƙe su duka a kan dala 1,000. Yau suna babban gidan adana zanen zamani na New York.

Wannan salo shi ake kira Pop Art, wato zanen abin da jama'a ke gani kullum: kayan kanti, takardar kuɗi, hoton jarida, fuskar tauraro. Ya fara a Ingila cikin shekarun 1950, ya bunƙasa a Amurka. Abin da Warhol ke nunawa shi ne kayan masana'anta da talla sun mamaye idon mutane, har mutum mai suna ma ya zama haja. Da ƴar fim Marilyn Monroe ta rasu a Agustan 1962, ya ɗauki hotonta na tallar wani fim ya yi ta maimaita shi da launuka daban-daban. Ɗaya daga cikin irin waɗannan hotuna, na 1964, shi ne aka saya kan miliyan 195. A 1977 kuma ya ɗauki hoton ɗan dambe Muhammad Ali ya yi masa irin wannan aiki.

Dabarar da ya yi amfani da ita ba baƙuwa ba ce ga masu buga rubutu a rigunan ƴan ƙwallo da na ƴan siyasa. Ana ɗaure yadi mai ƙananan ƙofofi kamar rariya a jikin katako, a toshe inda ba a son fenti ya wuce, a zuba fenti a ja shi da roba. Rariya ɗaya na fitar da hoto sau ɗari. Warhol ya sa wa wurin aikinsa suna da ke nufin masana'anta, kuma yaransa ne ke buga da yawa daga cikin ayyukan. A nan ne wata mata, Valerie Solanas, ta harbe shi ranar 3 ga Yunin 1968. Ya tsira da ƙyar, ya rasu ranar 22 ga Fabrairun 1987 bayan aikin tiyatar matsarmama, yana da shekara 58.

Ya bar rigima a baya: hoton da wani ya ɗauka, in ka sake masa launi, ya zama naka? A watan Mayun 2023 kotun ƙolin Amurka ta ba mai ɗaukar hoto Lynn Goldsmith gaskiya a kan gidauniyar Warhol, wadda ta karɓi kuɗi daga wata mujalla kan hoton mawaƙi Prince da Warhol ya kwaikwaya daga nata, ba a biya ta ba.

Afirka ma tana da nata misalin. Chéri Samba na Kinshasa da zanen allunan talla ya fara, kafin a baje aikinsa a Paris a 1989, sunansa ya zaga duniya. Shi da Warhol duka sun sa hannu a aikinsu, an adana shi, an rubuta tarihinsa. Allon mai fenti na jihar Tawa kuwa rana da ƙura ke cinye shi, in ya koɗe a shafe, sau da yawa a maye gurbinsa da leda da inji ya buga. Inda mai zanen ya rubuta wani abu a ƙasan allon, galibi lambar waya ce don neman wani aikin.