Zafi da Roba Ba Sa Shiri

Homon saƙo ne da jiki ke aika wa kansa ta cikin jini. Shi ke tsara balaga da jinin al'ada da samar da maniyyi, kuma ɗan mitsitsi ya ishe shi aiki. Shi ya sa baƙon sinadarin da ya yi kama da shi kan iya rikita lissafi, musamman ga ɗan tayi da jariri.

Wanda ya fi suna shi ne BPA, da ake sawa a wasu robobi masu tauri da kuma shafen cikin gwangwani. Yana kwaikwayon homon ɗin mata. Tarayyar Turai ta hana shi a kwalbar shayar da jarirai a 2011, Amurka ta bi sahu a 2012, sannan a Disambar 2024 Turai ta zartar da hana shi a kayan da ke taɓa abinci. Akwai kuma dangin fitalet, masu sa roba laushi, turare kuma ya daɗe a jiki.

Guje musu gaba ɗaya ba zai yiwu ba, kuma duk mai tallan maganin "wanke jiki" daga gare su kuɗinka yake so. Abin da ke hannunmu shi ne zafi. Zafi da maiƙo ne ke saurin fito da sinadarai daga roba zuwa abinci. Dubi mai koko da safe, tana zuba shi yana tururi a farar leda ta ƙulle. Ko alalen da aka tafasa cikin leda, ga manja a ciki. Ko tuwon da ake naɗewa da zafinsa a jera a kula. Ba don wuta aka yi leda ba. Aika yaro da kwanon silba ba ya cin ko sisi. Alale kuwa ganyen ayaba ya fi masa, domin tsohon gwangwanin tumatir ma yana iya zama da nasa shafen. Buhun fiya wata a raba shi da rana, robar da ta dafe ko ta kakkarce a daina cin abinci a ciki.

Masu POS su kula: takardar rasit mai santsi sau da yawa tana ɗauke da BPA ko ɗan'uwansa BPS, kuma yana ratsa fata, balle in hannu na da mai. A wanke hannu da sabulu kafin a sa shi a kwano.