Karatun Haɗin Gwiwa a Gefen Shafi: Yadda Malami Zai Shirya Shi a Dandalin Karatu na Intanet

Duk malamin da ya daɗe a aji ya san wannan damuwa. Ka ba ɗalibai shafi goma su karanta kafin ranar Talata, ranar ta zo ka yi tambaya, aji ya yi tsit. Mutum biyu ko uku ne za su amsa, kuma su ne dai na makon jiya. Abin ya fi tsanani ga fastocin da ke karatu daga nesa, waɗanda ke riƙe da ikkilisiya a ƙauye, ba sa ganin abokan karatunsu sai lokacin jarrabawa. Wanda bai koyi tsayawa a kan nassi yana yi masa tambayoyi ba tun yana ɗalibi, da wuya ya koya bayan ya hau bagade. Sharhin gefe na haɗin gwiwa hanya ce ɗaya ta magance wannan.

Mene ne shi?

Malami yana ɗora rubutu ɗaya a dandalin karatu, dukan ɗalibai su buɗe shi. Kowa yana iya ja wa kalma ko jimla layi, ya rubuta tambaya ko bayani a gefenta, sauran kuma su gani su ba shi amsa a nan wurin. Al'adar kanta tsohuwa ce. A ƙarni na 12 malaman makarantar Laon a Faransa suka tattara sharhin da aka sani da suna Glossa Ordinaria, nassi a tsakiyar shafi, bayanin iyayen ikkilisiya a gefe da tsakanin layuka. Talmud ɗin da Daniel Bomberg ya buga a Benis tsakanin 1520 da 1523 ma haka yake, sharhin Rashi a gefe ɗaya, na Tosafot a ɗayan. Malaman zaure na ƙasar Hausa su ma sun saba rubuta bayani a gefen littattafansu. Abin da intanet ta ƙara shi ne, mutum talatin suna iya rubutu a gefen shafi ɗaya alhali kowa yana garinsu.

Kayan aikin

Idan makaranta tana amfani da Moodle, wanda Martin Dougiamas na Ostireliya ya fitar a 2002, ko Canvas, ana iya haɗa shi da Hypothesis ko Perusall. Dan Whaley ne ya kafa Hypothesis a 2011, Perusall kuwa malamai ne a Jami'ar Harvard suka ƙirƙiro shi, cikinsu har da Eric Mazur. Ana haɗin ne ta wata ƙa'ida da ake kira LTI, kuma aikin mai kula da kwamfutocin makaranta ne, sau ɗaya ake yin sa. Bayan haka ɗalibi ba ya bukatar wata sabuwar kalmar sirri. Makarantar da ba ta da waɗannan tana iya amfani da Google Docs: a ba ɗalibai izinin yin sharhi kawai, ban da izinin gyara rubutun.

Matakan shiri

1. Zaɓi rubutu gajere. Shafi uku zuwa biyar sun isa mako guda. Luka 15:11-32 misali ne mai kyau, ko babi ɗaya na tarihin ikkilisiya. Ka tabbata kana da izinin ɗora shi, domin littafin da ke da haƙƙin mallaka ba a kwafe shi gaba ɗaya a raba.

2. Duba fayil ɗin. Idan PDF ɗin hoton shafi ne kawai da aka ɗauka da waya, ɗalibi ba zai iya ja wa kalma layi ba. Gwada kwafe jimla ɗaya daga ciki. In ta ƙi, sai an bi da shi ta manhajar da ke mai da hoto rubutu. A rubutun Hausa ka sake dubawa, gama irin wannan manhaja takan mai da ƙ ta koma k, ɗ ta koma d, sai ma'ana ta canza.

3. Raba aji rukuni-rukuni. Mutum biyar zuwa takwas ya fi. Idan arba'in suka taru a shafi ɗaya, wanda ya zo a makare zai tarar an faɗi kome, ba abin da ya rage masa sai cewa ya yarda.

4. Rufe ƙofa. Ka tabbata 'yan aji ne kaɗai ke ganin sharhin. Hypothesis na fili yana da sashen da kowa a duniya ke iya karantawa. Ɗalibin da ke kokawa da wata koyarswa, ko wanda ya kawo misali daga ikkilisiyarsa, bai kamata maganarsa ta fita waje ba. Ka kuma gargaɗe su kada su ambaci sunan wani ɗan ikkilisiya.

5. Faɗi abin da kake so dalla-dalla. Idan ka ce su yi sharhi kawai, za ka sami "Amin" da "Gaskiya ne" cike da shafi. Gara ka ce kowa ya rubuta uku: tambaya ɗaya a kan abin da bai gane ba, lura ɗaya da ta fito daga kalmomin nassin, da amsa ɗaya ga ɗan'uwansa. A labarin Luka 15, alal misali, ɗalibi zai iya lura da yadda babban ɗan ya ƙi kiran ƙanensa ɗan'uwa, ya tambaya me wannan yake nunawa.

6. Sa ranaku biyu. Sharhin farko ya shiga ranar Alhamis, amsoshi ranar Litinin. Da rana ɗaya tak, kowa zai rubuta a daren ƙarshe, ba wanda zai karanta na wani. Ka guje wa Asabar da dare da Lahadi, gama yawancinsu suna hidima.

7. Fara da kanka. Ka rubuta sharhi biyu ko uku tun kafin su shigo, ɗaya ya zama tambayar da kai ma kake nazari a kanta. Daga nan ka ja baya. Na taɓa yin kuskuren amsa kowace tambaya da zarar ta shigo, sai ɗalibai suka daina amsa wa juna, suna jiran malam ya yanke hukunci.

Batun maki

Perusall yana iya ba da maki da kansa bisa yawan sharhi da yadda ɗalibi ya shiga karatun, amma na'ura ba ta san wanda ya fahimci nassi ba. Shawarata ita ce makin ya zama kaɗan kuma mai sauƙi: sifiri ga wanda bai yi ba, ɗaya ga wanda ya yi sama-sama, biyu ga wanda ya jingina maganarsa ga rubutun. Kada a rage wa mutum maki don fassararsa ta kauce. In an yi haka, zai koma kwafo daga littafin sharhi, kai kuma ba za ka ƙara sanin inda ya rikice ba. Ka bar su su rubuta da Hausa ko Turanci, wanda ya fi musu sauƙi.

Wuta da data

Yawancin ɗalibanmu da waya suke karatu, wasu sai sun je kasuwa cajin ta. Saboda haka ka buɗe aikin a wayarka kafin ka aika, ka rage nauyin fayil ɗin, ka kuma ba da kwanaki isassu. Wanda sabis ya yanke masa ya rubuta a takarda, ya ɗauki hoto ya turo, shugaban rukuninsa ya shigar masa.

Komawa aji

Aikin bai ƙare a intanet ba. Kafin darasi, ka karanta sharhin duka, ka zaɓi uku: inda aka fi yin gardama, inda mutane da yawa suka yi kuskure iri ɗaya, da tambaya mai kyau da ba wanda ya amsa. Da su za ka buɗe darasin, kana kiran sunan mai tambayar. Sau da yawa za ka ga tambayar da ta fi zurfi ta fito ne daga wadda ba ta taɓa ɗaga hannu a aji ba.

Don tattaunawa

Wane nassi za ka fara da shi a ajinka, kuma me ya sa? Yaya za ka yi irin wannan da dattawan ikkilisiyarka idan takarda ɗaya da biro kawai kuke da su?