Waƙar Bidiyo: Yadda Ido Ke Bin Kunne

A yau da wuya a sami ɗalibin sakandare a Kumbotso, ko Kura, ko Bunkure, wanda mako zai wuce bai kalli waƙar bidiyo ba, ko dai a talabijin ko kuwa a wayar hannu. Amma kaɗan ne daga cikin masu kallon suka san cewa mutumin da suke gani yana buɗe baki, a lokacin da aka ɗauki hotonsa ba muryarsa ake ɗauka ba. An riga an gama waƙar a ɗakin ɗaukar sauti, wataƙila makonni kafin ranar. A wurin ɗaukar hoto sai a kunna ta da ƙarfi, shi kuwa ya riƙa bin ta da leɓɓa. Wani lokaci ma muryar ba tasa ba ce sam. Wannan shi ne tushen sana'ar baki ɗaya: sauti ne ubangida, hoto bara ne mai bin sa. Daga nan ne duk al'adun waƙar bidiyo suka tsiro, kuma ba za su yi aiki ba sai don wata ɗabi'a da ƙwaƙwalwar ɗan Adam take da ita.

Inda abin ya samo asali

Tun daga 1927, lokacin da fim mai magana ya fara kasuwa a Amurka, aka shiga haɗa waƙa da hoto. A shekarun 1940 an yi wasu akwatuna a gidajen cin abinci na can, waɗanda in mutum ya jefa kuɗi sai su nuna masa mawaƙi na minti uku, kuma Faransa ta yi irin nata akwatin mai suna Scopitone wajen 1960. Abin bai zama babbar sana'a ba sai ranar 1 ga Agusta, 1981, da aka buɗe tashar MTV, wadda a lokacin ba ta da aiki dare da rana sai nuna waƙoƙi. A ƙarshen 1983 Michael Jackson ya fito da Thriller, mai tsawon kusan minti 14, wanda aka tsara shi kamar ƙaramin fim na ban tsoro, da farko da tsakiya da ƙarshe. Daga nan kamfanoni suka gane cewa hoto na iya sayar da faifai.

Sai dai waƙar bidiyo ta Hausa ba ta wannan hanya ta biyo ba. Ta Indiya ta zo. Fim ɗin Indiya mai magana na farko, Alam Ara na 1931, waƙoƙi 7 ne a cikinsa. A 1935, a fim ɗin Dhoop Chhaon, aka fara dabarar ɗaukar waƙa tun da wuri sannan ɗan wasa ya bi ta da baki. Wannan ya raba aiki gida biyu: mai murya daban, mai fuska daban. Lata Mangeshkar ta shafe shekaru fiye da sittin tana rera wa 'yan wasa mata waƙa, kuma mutanen Kano da dama sun haddace muryarta ba tare da sun taɓa ganin fuskarta ba. An buɗe silimar Rex a Kano a 1937, kuma daga shekarun 1950 'yan kasuwa Kwarori suka riƙa shigo da finafinan Indiya, daga baya gidan talabijin ya kai su har cikin gidaje, inda matan aure da yara suka same su.

Da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, sai aka buɗe ƙofar fim ɗin Hausa na kaset. Kafin ƙarshen shekarun nan goma rawa da waƙa sun zama gishirin kowane fim, musamman bayan Sangaya na kamfanin Sarauniya, wanda ya fito wajen 1999. Fiyanon Yamaha guda ɗaya ya maye gurbin makaɗa da yawa, aka sami salon da ake kira nanaye, wanda Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi rubuce-rubuce masu yawa a kansa. A kasuwar Ƙofar Wambai kuwa, a wancan lokaci, waƙar da ke cikin tallan fim ita ce ta kan sa dillali ya saya ko ya ƙi. Ba a daɗe ba aka fara tsame waƙoƙin daga finafinai ana tara su a faifai guda, sannan mawaƙa irin su Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef da Nazifi Asnanic suka riƙa fitar da nasu albam. Mai murya ya fito daga bayan labule. Kafin haka, mutane da yawa sun ɗauka marigayi Rabilu Musa Ibro ne ke rera waƙoƙin barkwancin da yake rawa a kansu, alhali kuwa Sadi Sidi Sharifai ne ke rera da yawa daga cikinsu.

Me ya sa ƙwaƙwalwa take yarda?

Da farko dai, babu wani motsi a cikin bidiyo. Hotuna ne tsayayyu ake jerawa, 24 a kowane sakan a silima, 25 a tsarin talabijin da Nijeriya ta ɗauka. Tsofaffin littattafai sun ce hoton ne ke daɗewa a cikin ido har na gaba ya riske shi. Wannan bayani bai wadatar ba, domin da haka ne da sai a ga hotunan sun hau kan juna sun dagule. Tun 1912 Max Wertheimer, wani masani a Jamus, ya nuna cewa in aka haska ɗigo a nan, aka kashe, aka haska wani kusa da shi cikin sauri, mutum zai rantse ɗigo ɗaya ne ya yi tafiya. Wato ƙwaƙwalwa ce ke ƙago motsin da kanta.

Haka take yi wajen haɗa murya da baki. Sautin waƙar daga lasifika yake fitowa, amma mai kallo yana jin kamar daga bakin da ke motsi ne. A 1976 Harry McGurk da John MacDonald a Ingila suka buga sakamakon wani gwaji mai ban mamaki. Sun ɗauki hoton baki yana furta "ga", suka ɗora masa sautin "ba". Yawancin manyan da aka gwada sai suka ce "da" suka ji. Da sun rufe ido kuwa sai su ji "ba" tangaran. Ashe ji ba aikin kunne kaɗai ba ne. Ƙwaƙwalwa tana auna shaidar ido da ta kunne, sannan ta yanke hukunci guda.

Wannan yarda tana da iyaka, kuma iyakar ba daidai take ta ɓangarori biyu ba. Ma'aunin da injiniyoyin talabijin ke aiki da shi ya nuna cewa in sauti ya riga hoto da kamar kashi 45 cikin 1000 na sakan, mai kallo zai fara lura. Amma in sautin ne ya makara, sai ya kai wajen kashi 125 kafin a gane. A lissafin hotuna 25 a sakan, wannan na nufin hoto ɗaya da 'yan kai ta wancan ɓangare, hotuna uku ta wannan. Dalilin yana cikin yadda duniya take. Haske na tafiyar kilomita 300,000 a sakan, sauti kuwa mita 340 kacal. Duk wanda ya tsaya a bakin kwatar ruwa a Kura lokacin bugun shinkafa ya ga wannan: mai bugu da ke nesa da mita 170, za a ga dami ya sauka, sai bayan rabin sakan a ji ƙararsa. Tun daga haihuwa ƙwaƙwalwa ta saba da sauti mai zuwa a baya. Sautin da ya riga abin da ya haife shi kuwa ba ta taɓa gamuwa da shi a gona ko a kasuwa ba, shi ya sa take saurin tsarguwa. Malami na iya nuna wa ɗalibai haka a filin ƙwallo da murfin tukunya biyu, in aka auna tazarar da igiya.

Yadda ake ba da labari

Tun da waƙa ce a gaba, mai haɗa hoto ba labari yake bi ba, kiɗa yake bi. In kiɗa yana bugu 100 a minti, kowane bugu ya ci hotuna 15 daidai, kuma a kan irin waɗannan gaɓoɓi ake yanka. Wannan ne ya ba waƙar bidiyo 'yancin da fim ba shi da shi. A fim, in jarumi ya shiga ɗaki da farar riga dole ya fito da ita. A waƙa kuwa yana iya fara baiti a kan dutse cikin shadda, ya ƙarasa shi a bakin ruwa cikin wata tufa dabam, babu mai tambaya. Zaren da ke riƙe da hankalin mai kallo yana cikin kunne, saboda haka ido na iya tsalle yadda ya so.

Akwai bidiyon da mawaƙi kawai ake nunawa yana waƙarsa. Haka aka riƙa ɗaukar su Alhaji Mamman Shata da Ɗanmaraya Jos a gidajen talabijin, sai dai a nan akwai bambanci babba: su da gaske suke yi, kyamara baƙuwa ce da ta zo kallo. Shata na iya tsawaita waƙa, ya sako sunan wanda ya hango a cikin taro, masu kalangu da 'yan amshi su bi shi. Mawaƙin bidiyo ba shi da wannan dama, domin an riga an kulle waƙar, ko numfashi ba zai ƙara ba. A nan an yi hasara, kuma ba ƙarama ba ce. An sami kyan hoto da tsabtar sauti, an rasa waƙar da ke sauyawa gwargwadon waɗanda ke zaune.

Akwai kuma mai labari, wanda shi ne ya fi yawa a nanaye. Namiji ya yi baiti, mace ta mayar, 'yan amshi su ɗauka, abin da ke da kama da waƙoƙin gaɗa na dandali ko da yake tufafinsa na Indiya ne. Sau da yawa waƙar mafarki ce ko tunani: saurayi ya jingina ya lumshe ido, sai ga shi a lambu. Abin da kunya ta hana shi faɗa a zaure, waƙa ta faɗa masa. Waƙoƙin siyasa da na sarauta suna da nasu salon, inda ake jera taron jama'a da dawaki da gine-gine a matsayin hujjar abin da baki ke faɗi. Ya kamata ɗalibi ya tuna cewa taron da aka nuna ba lallai ne a ranar ko a garin aka ɗauke shi ba.

Al'ada mafi jan hankali ita ce ta tazara. Bayan kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, aka ƙara tsananta ƙa'idar da dama jama'a ke tsammani, wato kada namiji da mace su taɓa juna a gaban kyamara. Ƙa'idar ba ta wasa ba ce: a 2016 ƙungiyar MOPPAN ta kori Rahama Sadau daga masana'antar saboda wani bidiyon waƙa da ta fito a ciki tare da mawaƙi ClassiQ. To, ta yaya ake nuna soyayya ba tare da kusanci ba? Da yanka. A nuna fuskar namiji yana duban dama, a yanka, a nuna fuskar mace tana duban hagu tana sunkuyar da kai. Mai kallo da kansa zai haɗa su, ko da a ranaku dabam-dabam aka ɗauke su. Lev Kuleshov na Rasha ya nuna haka wajen 1920, da ya jera fuska guda ɗaya da kwanon miya, da akwatin gawa, da mace, masu kallo suka ga yunwa da baƙin ciki da sha'awa a fuskar da ba ta sauya ba. Daraktan da ya iya wannan ya fi wanda ke jibga motoci da benaye gwaninta nesa ba kusa ba.

Kore da ruwa

Masu ɗaukar waƙa sukan fita bayan gari neman ciyawa da bishiyoyi da bakin ruwa. Wani ɓangare na wannan gado ne daga Indiya, inda ake kai masoya tsaunuka da lambuna. Wani ɓangaren kuwa na ƙasar ne: a inda rani ke cin wata bakwai, kore alama ce ta wadata. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, ruwanta ke bi ta kwatoci zuwa Kadawa da Kura da Bunkure, har a ga alkama da tumatir kore shar a tsakiyar hunturu, alhali gonakin tudu sun zama ƙura. Ganye kore ne domin sinadarin da ke cikinsa yana shanye jan haske da shuɗi don haɗa abinci, ya bar kore ya dawo. Idon mutum kuwa da rana ya fi jin haske mai tsawon zango wajen nanomita 555, wato kore mai ɗan ruwan ɗorawa. Masu ƙera kyamara sun kwaikwayi wannan: a yawancin kyamarori, har da ta waya, rabin ƙwayoyin da ke karɓar haske na kore ne, ja da shuɗi suka raba sauran rabin.

Wannan ne ma ya sa wurin kansa ya zama abin da ake iya ƙarawa daga baya, kamar yadda ake ƙara murya. Mawaƙi ya tsaya a ɗaki a gaban koren labule, kwamfuta ta cire duk abin da yake kore ta sa Dubai ko bakin teku a madadinsa. An zaɓi kore ne domin kyamara tana ɗaukarsa da tsabta, kuma ya yi nisa da launin fatar mutum, baƙi ne ko fari. Sharaɗi ɗaya ne: kada mawaƙin ya sa koren tufafi. In ya zo da koriyar hula, sai a ga teku a inda rabin kansa yake.