Ayu da Dorina: Manyan Dabbobin da Masu Kwalekwale Ke Gamuwa da Su a Kwara

Ayu da dorina su ne manyan dabbobi biyu masu shayarwa da ke zaune a ruwan Kwara da Binuwai, kuma duk matuƙin kwalekwalen da ya yi kiciɓis da ɗayansu yakan daɗe yana ba da labari. A garuruwan tudu irin su Tozai ta ƙaramar hukumar Illela, dab da iyakar Nijeriya da Nijar, an fi sanin su ta abin da ake sayarwa daga jikinsu. Dorina ita ce bulalar fatar nan ta hannun dogarai da malaman allo. Ayu kuwa mansa ake tallatawa a 'yan kwalabe cikin kayan mata. Babban ruwan yankin shi ne tafkin Kalmalo, wanda kogin Maggiya ke zubo wa ruwa daga Nijar, kuma babu ko ɗayansu a ciki. Mai son ganin su da rai sai ya bi gulbin Rima ya wuce Sakkwato da Argungu da Birnin Kabi har inda ruwan ya faɗa Kwara, sannan ya gangara Yawuri.

Ayu dabba ce mai jiki kamar tulu dogo, launin toka, ba ta da ƙafafun baya sai faffaɗar wutsiya mai kama da faifai. Babba yakan kai mita 3 ko fiye, nauyinsa kilo 300 zuwa 500. Ana samun sa daga Senegal har Angola, a bakin teku da cikin koguna, kuma ya hau Kwara har ƙasar Mali, tafiyar fiye da kilomita 2,000 daga teku. Da huhu yake numfashi, don haka dole ya ɗago bayan 'yan mintoci, ko da yake in yana hutawa yakan kai kusan minti 20 a ƙasa. Abincinsa ciyawa ne, musamman burugu. Tsakuwa da yashin da ke cikin ciyawar suna cinye masa haƙora, shi ya sa turamensa ke fitowa daga baya suna turowa gaba, na gaba su zube, har ƙarshen rayuwarsa. Masana halittu sun ce danginsa mafi kusa su ne giwa da rema.

Ganin ayu sai mai rabo. Masunta da yawa sun tsufa a kan ruwa ba su ga jikinsa gaba ɗaya ba, alamunsa kawai suke karantawa. Da asuba ko bayan faɗuwar rana, in ruwa ya kwanta, sai a ji huci ɗaya gajere a gefen burugu, a ga ƙofofin hanci biyu sun leƙo sun rufe, da'irar ruwa ta bazu, shi ke nan. Da safe a tarar da guntayen ciyawa suna yawo a sama, an datse su daga ƙasa. Wani lokaci kuma taru ne za a jawo a same shi a yage, ko manomin shinkafar fadama ya iske an yi masa kiwo cikin dare babu sawun kofato ko ɗaya.

Wannan ɓuya tasa ta jawo masa camfe-camfe. Nonon macen yana ƙarƙashin hammata, kusa da hannuwanta, don haka wanda ya hango ta da ɗanta cikin duhu ba abin mamaki ba ne ya rantse mutum ya gani. A kudancin Nijeriya da gaɓar teku ana alaƙanta shi da aljanar ruwan nan, Mami Wata. Wasu Turawan da suka ratsa ƙasar nan ma sunan ya fara iso musu kafin dabbar: Heinrich Barth, wanda ya isa Binuwai a 1851, ya ambaci ayu a littafin tafiyarsa, Eduard Vogel kuma ya aika bayaninsa Ingila da wannan suna na ayu 'yan shekaru bayan haka.

Dorina ba ta ɓuya. Namiji yakan kai kilo 1,500, wani ya ninka haka. Duk da zamanta a ruwa ba ta iya iyo sosai. Tafiya take a ƙasan kogi tana tunkuɗo kanta sama, ta yi kamar minti 5 ba ta ɗago ba. Nan haɗarin yake ga mai kwalekwale, domin wadda ya gani ta nutse a can tana iya ɓullowa ƙarƙashinsa. Hammar da take yi ta wage baki gargaɗi ce. Tsofaffin matuƙa sukan riƙa buga filafili a jikin jirgi don ta san da zuwansu, su kauce wa kwarin da garke ke kwana, kuma ba sa shiga tsakanin uwa da ɗa ko tsakanin dorina da ruwa mai zurfi. Ba cin mutum take yi ba, ita ma ciyawa take fita ci da dare, amma in ta kife jirgi ruwa ne ke ƙarasa sauran. A watan Nuwamba na 2014, kusa da Libore a gefen Yamai, dorina ta kife wani jirgi mutum 13 suka rasu, 12 daga ciki yara ne. A Yawuri ma a 2024 wata ta kashe mutum, aka bi ta aka kashe, aka raba namanta.

Farautar waɗannan dabbobi sana'ar gado ce ta Sarkawa, waɗanda Zabarmawa ke kira Sorko. Makaminsu mashi ne mai ƙugiya, an ɗaure shi da doguwar igiya da wani abu mai yawo a sama, yadda duk inda dabbar ta nutsa za a bi ta. Jean Rouch, Bafaranshen da ya bi Kwara cikin kwalekwale a 1946 zuwa 1947, ya koma yankin Ayoru na Nijar a farkon shekarun 1950 ya ɗauki fim ɗin farautar dorina mai suna Bataille sur le grand fleuve. A ciki Sorko sun haɗa wani babban jirgi mai kaurin katako musamman don wannan yaƙi. Sun sami wata mace, amma tsohon namijin da suka fi nema ya farfasa jirgin ya tsere da masu a jikinsa. Ayu ba ya ba da irin wannan wahala: ana kafa ɗan dandamali a inda yake kiwo, a jira shi cikin dare, a soke shi.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, binciken ƙwayoyin halitta ya nuna cewa dangin dorina mafi kusa a yau ba shanu ba ne ko alade, ƙaton dabbar tekun nan ce da Larabawa ke kira hutu, Turawa su ce whale, wadda mutane da yawa ke dangantawa da kifin Annabi Yunusa. Ita ma da huhu take numfashi, tana haihuwa tana shayarwa.  

A Kwara dai dabbobin biyu duka suna cikin matsi. Madatsar Kainji, da aka kammala a 1968, ta raba ayun sama da na ƙasa, noman fadama kuma yana cin wuraren kiwo. Nijar ta keɓe wa dorina wurin tsira a yankin Ayoru a 2017, bayan rigingimu tsakaninta da manoma. Ayu ne ya fi shiga uku, domin ba ya faɗa kuma kome nasa kuɗi ne: nama, fata, ƙashi da mai. Dokar Nijeriya ta 1985 kan dabbobin da ke fuskantar ƙarewa ta haramta farautarsa, yarjejeniyar CITES ta kare namun daji kuma ta hana cinikinsa tsakanin ƙasashe tun 2013. Duk da haka man ayu bai ɓace daga kasuwa ba, kuma mai saye ba shi da hanyar sanin ko na gaske ne a cikin kwalbar. In na jabu ne an cuce shi. In na gaske ne an karya doka. Macen ayu tana ɗaukar ciki kusan shekara guda, ɗa ɗaya take haifa, kuma takan yi shekara biyu zuwa uku ko fiye kafin ta sake haihuwa.