Analog: tsohuwar fasahar da har yanzu rediyo da salula ke dogaro da ita

Duk wanda ya taɓa murɗa rediyo yana neman Muryar Sahel, ya ji shuuu kafin muryar mai labarai ta fito sarai, ya riga ya yi hulɗa da da'irar lantarki ta analog. Da Turanci ana ce mata analog circuit, a Brazil da Angola masu harshen Fotugal na cewa circuito analógico, a makarantun fasaha na Nijar kuma circuit analogique. Asalin kalmar daga harshen Girka ne, ma'anarta abin da ya yi daidai da wani abu.

Aikin ke nan kuwa. Idan mutum ya yi magana a makirfo, ƙarfin wutar da ke bin waya yana hawa da sauka daidai da muryarsa, ba tsinkewa. Na'urar dijital ita kuwa sai ta yanyanka sautin ta mai da shi lambobi, sifili da ɗaya.

Abin da ya kai rediyo har gona shi ne tiranzista, wadda aka ƙirƙiro a Bell Labs na Amurka a 1947. A 1954 aka fara sayar da ƙaramin rediyon aljihu mai aiki da batir.

Ana yawan cewa zamanin analog ya wuce. Gaskiya ne ƙasashen Afirka sun amince su mai da talabijin dijital kafin 17 ga Yunin 2015, ko da yake da dama ba su cika wa'adin ba, kuma Norway ta rufe tashoshinta na ƙasa na FM a 2017. Amma kunnen ɗan Adam ba ya jin lambobi. Salular da ta fi kowace tsada tana da sashen analog a makirfo, da lasifika, da wurin caji. Haka amfilifaya ta masallaci.

Ga mazauna karkara akwai wani bambanci mai muhimmanci. In aka yi nisa da tasha, FM kan yi ƙara amma ana tsintar maganar, dijital kuwa ɗif yake ɗaukewa. Sannan in rediyon ya lalace, mai gyara a kasuwar Maraɗi ko Damagaram kan canza ɗan ƙarfe guda ya ɗame shi da dalma, mai shi ya koma ƙauye da abinsa a ranar.