Abin Da Ke Sa Bidiyo Cijewa A PowerPoint

Masu shirya tarurrukan ƙungiyoyinmu na zango, na neman gudummawar ginin makaranta ne ko na bayanin kuɗin shekara, sun san wannan matsala. A haska bidiyo a bango da PowerPoint, sai hoto ya riƙa tafiya yana cijewa, murya ta yi gaba ta bar bakin mai magana a baya. Kafin a gyara, hankalin jama'a ya watse, masu niyyar bayar da taimako sun fara duba agogo.

Galibi kwamfuta muke ɗora wa laifi, har a fara maganar haɗa kuɗi a sayo sabuwa. A ganinmu wannan gaggawa ce, domin sau da yawa bidiyon ne ya yi mata nauyi.

Wayoyin zamani suna ɗaukar hoto mai tsananin kyau. Bidiyon 4K ya ninka na 1080p sau huɗu a yawan ɗigon hoto, alhali yawancin na'urorin haskawa da ake haya ba sa iya nuna wannan kyan. Ke nan kwamfuta tana dakon kayan da ba mai gani. Daɗin daɗawa, tun shekarar 2017 wayoyin iPhone suka koma ajiye bidiyo a tsarin HEVC, wanda tsofaffin kwamfutoci ke shan wuya kafin su karanta. Tsarin da kamfanin Microsoft ya ba da shawara a kai shi ne MP4 mai hoton H.264 da sautin AAC.

Maganin yana cikin manhajar kanta tun fitowar ta 2010. A Windows, a shiga File, sannan Info, a danna Compress Media, a zaɓi 720p. Wannan ya ishi bangon makaranta ko zauren taro. Amma a ajiye kwafin asali tukuna, don abin da aka rage ba ya dawowa bayan an adana an rufe. Idan har yanzu yana gardama, manhajar HandBrake kyauta ce, tana juya bidiyo zuwa H.264.

Sauran kuwa ƙananan abubuwa ne da muke rainawa. Kada a kunna daga filashi, a kwafe fayil ɗin cikin kwamfuta. A jona caja, domin kwamfutar tafi-da-gidanka tana rage ƙarfinta idan ta koma kan batir, abin da ke faruwa duk lokacin da aka ɗauke wuta. A kuma rufe sauran manhajoji.

In duk an yi wannan bai daina ba, a shiga Options, sannan Advanced, a kashe taimakon da katin hoto ke ba nunin, a gani ko zai sake. Gwajin kuma a yi shi da na'urar haskawar da za a yi taron da ita, tun ana gobe.