Wa Ke Cin Ribar Rana?

A bayan gidan kawuna, a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Tofa, akwai wata ɗorawa da ta girme shi. Kakanmu ne ya bar ta tsaye lokacin da ake saran gonar, kuma har yau duk bazara sai ta yi 'ya'ya, mata su daka, su fitar da gari, su wanke kalwa a yi daddawa, abin da ya ragu a kai kasuwa. Ba a zuba mata taki, ba a yi mata ban-ruwa. Da aka zo rabon gado an yanka gonar gida-gida, amma ita an bar ta ta kowa da kowa, duk shekara a raba abin da ta bayar. A gindinta muke zaune ran da Kawu ya miƙo mini wayarsa.

Shekara 35 ya yi yana koyarwa a firamare, kuɗin sallamarsa sun shigo, sai ga wani saurayi a bidiyo yana ta zuba bayani kan kamfanonin wutar rana.

"Ɗan nan, kai da ka yi boko mai zurfi, duba mini wannan," in ji shi. "Wai in na sayi hannun jarin kamfanin sola zan riƙa karɓar kuɗi duk shekara har ƙarshen rayuwata. Gaskiya ne, ko irin ta 'yan damfara ce?"

Na ce, "Allah ya ƙara maka lafiya, Kawu, akwai ƙamshin gaskiya, sai dai rumfar da ake sayar da abin ba a kasuwarmu take ba."

Mai sayen hannun jari iri biyu ne. Akwai mai turkar rago, ya saya da araha bayan Sallah, ya jira farashi ya tashi ya sayar. Akwai kuma mai ɗorawa, wanda ba sayarwa ce a ransa ba, abin da ke faɗowa duk shekara yake jira. Wannan abin da ke faɗowa shi ne rabon riba: in kamfani ya rufe lissafin shekara, ya biya ma'aikata da bashi da haraji, shugabanninsa su ware wani kaso na abin da ya saura, masu jari su amince a babban taronsu, a raba wa kowa gwargwadon hannunsa. Ba alkawari ba ne. Shekarar da babu riba, ko shugabanni suka ga gara a riƙe kuɗin, babu wanda zai kai su ƙara.

A takarda, tashar wutar rana ko ta iska ko ta madatsar ruwa ta fi kowace sana'a kama da ɗorawa. Kusan duk kuɗinta a farkon gini ake kashewa. Da zarar an kafa farantai, rana ba ta aiko da takardar biya, kuma faranti mai kyau yakan yi shekara 25 yana aiki. In an ƙulla yarjejeniya da mai sayen wutar ta shekara 20 a kan farashi sananne, to ana iya lissafa kuɗin shiga tun kafin su zo. Shi ya sa a Kenya talaka ke iya riƙe hannun jarin KenGen, kamfanin da ke samar da wuta daga madatsun ruwa da tururin ƙarƙashin ƙasa na Olkaria, wanda aka sa a kasuwar Nairobi a 2006, gwamnati ta riƙe kashi 70 cikin ɗari ta bar wa jama'a sauran. A Ingila kuma akwai Greencoat UK Wind, da ya shiga kasuwar Landan a 2013, aikinsa kawai sayen tashoshin iska da raba abin da suka kawo.

To mu fa? Kamfanonin samar da wuta biyu ne fitattu a kasuwar hannayen jari ta Legas, wato NGX. Geregu Power ya shiga a Oktoban 2022, Transcorp Power ya biyo baya a Maris ɗin 2024. Dukansu da iskar gas suke aiki, na farko a Ajaokuta ta jihar Kogi, na biyu a Ughelli ta jihar Delta. Ba rana, ba ruwa. Manyan madatsunmu kuwa, Kainji da aka kammala a 1968 da Jebba, tun 2013 suna hannun Mainstream Energy, kamfanin da Kanar Sani Bello mai ritaya, wanda ya yi gwamnan soja a Kano daga 1975 zuwa 1978, ya jagoranta. Zungeru mai megawat 700 ma ta koma hannunsa. Shiroro tana hannun North South Power. Babu ɗaya cikinsu da Kawu zai je wurin dillali ya ce a yanko masa na dubu ɗari biyu.

A nan gida ma haka zancen yake. Duk wanda ya bi titin Gwarzo daga Janguza ya nufi birni zai wuce sabon mazaunin Jami'ar Bayero, inda aka ƙaddamar da tashar sola mai megawat 7.1 a Satumban 2019. Kuɗin gwamnatin tarayya ne, ta hannun hukumar samar da wuta a karkara. A Kumbotso akwai wata mai megawat 10 da Shugaba Buhari ya buɗe a Janairun 2023, wadda hukumar zuba jari ta ƙasa, NSIA, ta gina. Gwamnatin tarayya na da kashi 80, jihar Kano 15, ƙaramar hukumar 5. Ƙaramar tashar da aka yi a madatsar Tiga ta jiha ce. Ranar da ke ƙona ƙeyar manomi a Lambu da Doka ita ce ke sauka a kan waɗancan farantai, amma babu ƙofar da zai bi ya sa jarinsa a ciki. A ganina wannan gibi ne da ya kamata 'yan majalisarmu su yi magana a kai, tunda Dokar Wutar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu. Me zai hana a ware wani kaso na irin waɗannan tashoshi a sayar wa 'yan jiha?

Ko da an buɗe ƙofar, akwai lissafin da saurayin bidiyo bai yi wa Kawu ba. Geregu ya shiga kasuwa a kan naira 100 kowane hannu, ya raba naira 8 a kan ribar 2022, ya sake raba naira 8 a kan ta 2023. Wanda ya saya ranar farko ya samu kashi 8 cikin ɗari na jarinsa. Amma a 2024 farashin ya kai naira 1,000. Wanda ya shigo a lokacin ya biya dubu don ya karɓi takwas, ko kashi ɗaya bai cika ba. Kamfani ɗaya, riba ɗaya, bambancin kawai ranar da mutum ya saya. Sannan gwamnati na cire kashi 10 na haraji kafin kuɗin su faɗo asusu. A watan Disamban 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Na ce wa Kawu ya ɗauka ya zuba miliyan ɗaya a kamfanin da ke raba kashi 5, zai ga dubu 45 a shekara bayan haraji. Ya yi shiru yana lissafin buhun taki, sannan ya ce, "Ai ko na gonar gefen rafi ba zai saya ba."

Babbar matsalar wuta a Najeriya ba ta samarwa ba ce kaɗai, ta biya ce. Mai tasha ya tura wuta, kamfanin dakon wuta na ƙasa ya ɗauka, kamfanin rarrabawa irin KEDCO, mai kula da Kano da Katsina da Jigawa, ya kai gidaje, sannan kuɗi su biyo hanyar da baya. A kowace gaɓa sai wani abu ya zube: mita babu, wasu ba sa biya, tallafin da gwamnati ta ɗauka bai fito ba. Zuwa 2025 bashin da kamfanonin samar da wuta ke bin gwamnatin tarayya ya kai kusan naira tiriliyan huɗu. Riba da ke rubuce a littafi ba ita ce kuɗi a hannu ba. Kuma ba mu manta Oktoban 2024 ba, da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, arewa ta kwana fiye da mako a duhu, masu ƙanƙara da walda suka zauna hannu rabbana. Ruwa na nan a madatsa, injin lafiya lau, amma wutar da ba ta isa ga mai saye ba babu mai biyan kuɗinta.

Wani zai ce to a tsallaka waje, tunda yanzu da waya ake sayen hannun jarin Amurka. Akwai hikima a ciki, don wanda ya riƙe dala kafin a saki naira a Yunin 2023 ya ga abin da ya faru daga wajen 460 zuwa sama da 1,500. Amma can ma ɗorawar takan yi fashi. Da bashi ake gina yawancin tashoshin nan, in kuɗin ruwa ya hau, masu bashi ake fara biya. SunEdison, wanda ya taɓa zama gagarau a harkar sola, ya durƙushe a Afrilun 2016. Ørsted na ƙasar Denmark, jagora a tashoshin iska na cikin teku, ya soke manyan ayyuka biyu a gaɓar New Jersey, sannan a Fabrairun 2024 ya dakatar da rabon riba na shekara uku. NextEra Energy Partners na Amurka ya tsayar da nasa a Janairun 2025. Ga kuma harajin Amurka, kashi 30 take yankewa daga rabon ribar ɗan Najeriya.

Na san tambayar da za ta biyo baya tun kafin Kawu ya buɗe baki. "Halal ne?"

Sayar da wuta sana'a ce mai tsabta, kuma malaman fiƙihun zamani da yawa sun halatta hannun jari tunda tarayya ce a riba da asara. Inda gizo ke saƙar shi ne bashin nan mai kuɗin ruwa. Ma'aunin da masu tantancewa ke bi shi ne kada irin wannan bashi ya wuce wajen kashi ɗaya bisa uku na darajar kamfani, kuma ɗan abin da ya shigo ta haramtacciyar hanya a fitar da shi sadaka. Kamfanonin makamashi da yawa a nan suke faɗuwa. Tun 2012 kasuwar Legas ke da jerin kamfanonin da aka tace bisa Shari'a, wanda ta yi da haɗin gwiwar Lotus Capital, kuma daga nan ya kamata mai tsoron Allah ya fara dubawa. Takardun lamunin kare muhalli da gwamnatin tarayya ta fara fitarwa a Disamban 2017, na naira biliyan 10.69, da na biliyan 8.5 da North South Power ya fitar a 2019, su ne suka fi kusa da abin da Kawu ke nema, amma kuɗin ruwa suke biya, don haka ya kau da kai. Sukuk na gwamnatin tarayya, da aka fara a 2017 da biliyan 100, haya yake biya, sai dai tituna yake ginawa, ba tashoshin rana ba.

Game da saurayin bidiyo, da muka kalla har ƙarshe sai ga lambar asusu da alkawarin riba tsayayya kowane wata, da ƙari in ka kawo mutum biyu. Mun ga damfarar MMM a Disamban 2016, mun ga ta CBEX a Afrilun 2025. Hannun jari na gaskiya ta wurin dillali mai rajista da hukumar SEC mai kula da kasuwar jari ake saye, a buɗe wa mutum asusun ajiyar hannun jari na CSCS da sunansa, kuma babu dillalin kirki da zai rantse maka kan ribar baɗi.

Abin da ya fi jan hankalin Kawu bai fito daga waya ba. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 1,000 a ƙarshen 2024, masu noman rani a yankinmu da na Bagwai suka fara ajiye injin fetur suna ɗauko na sola. Farantai huɗu ko shida a jingine a kan ƙarfe, famfo a cikin rijiya, tiyo ya miƙe zuwa kwamin albasa da tumatir. Daga hantsi zuwa la'asar ruwa na zuba, ba ƙara, ba hayaƙi, ba yaron da za a aika da jarka. Kuɗin man da ba a saya ba su ne rabon ribar, kuma in maƙwabci ya yi haya ya biya da kuɗi ko da kwandon kaya. Shi ma da nasa ciwon kan. Ƙurar hunturu na rage ƙarfin faranti sai an bi shi da tsumma, ɓarayi sun san darajarsa don haka sai an kwashe da yamma ko a sa mai gadi, rijiya na ja da baya in bazara ta yi nisa, kasuwa cike take da jabun kaya, kuma tarayyar da ba a rubuta ba takan raba zumunci. Kawu da ƙannensa biyu sun haɗa kuɗi sun sayi ɗaya, liman ya rubuta musu takarda, kowa da ranakunsa na ban-ruwa.

Da zan tafi ya ce in dakata. Ya shiga ɗaka ya fito da wata tsohuwar adaka, ya zaro takardu uku da suka yi ja, na hannun jarin wani banki da ya saya a 2007, lokacin da ake tallar jari har a rediyo, kafin kasuwa ta rushe a 2008. Tun daga lokacin bai sake waiwayarsu ba, takardun biyan da ake aikowa kuma suna zuwa akwatin gidan waya na makarantar da ya bari tuntuni. Irin kuɗinsa ne hukumar SEC ta ce sun taru sun kai wajen naira biliyan 190 a 2023 ba a karɓa ba. Na ce masa akwai fom da ake cikewa a banki, da lambar BVN da hoto, a riƙa turo masa kai tsaye.

Ya karkaɗe ƙurar takardun a gwiwarsa, ya sa su a aljihun gaba. "To, ranar Litinin ka zo da wuri," in ji shi, "mu shiga birni kafin rana ta yi zafi."